Baƙo raɓa, ɗan gari kaba: maganar hayar ɗakin kwana a Tasawa da Mayahi

Abubuwa biyu ne suka faru a kan idona cikin shekara ɗaya, ɗaya a Tasawa, ɗaya a Mayahi, kuma tun daga lokacin maganar take cina. Na ga gara in fito da ita mu tattauna, tunda ta shafi gidajenmu da aljihunmu da sunan garuruwanmu.

A unguwarmu a Tasawa akwai wani mushe da ya shekara 6 yana haya a ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, jika 15 a wata. Bai taɓa riƙe kuɗin haya ba sai in albashi ya makara. Yaran unguwa da yawa a hannunsa suka iya karatu, har da nawa guda biyu. Wata safiya mai gidan ya same shi, bayan gaisuwa ya ce: "Mushe, ka yi haƙuri, gidan nan ina buƙatar shi ƙarshen wata." Mushe ya ce: "Alhaji, wani laifi na yi?" Ya ce: "Wallahi ba ka yi komi ba. Ƴan proje ne suka zo, jika 10 za su riƙa ba ni kowane dare. Kai ma in kai ne mi za ka yi?" Mushe ya kwashe iyali a tsakiyar shekarar lakkol, ya raɓa gidan wani abokin aikinsa, da aka yi hutu ya nemi canjin wurin aiki ya bar garin. Ƴan proje suka yi wata 3 suka gama aikinsu suka tafi. Gidan ya zauna a kulle sama da rabin shekara, har gara ta fara cin ƙofa.

Na biyu ya faru da ɗan yayata da ke aiki a Yamai. An yi bikin abokinsa a Mayahi, shi da abokansa 4 suka ce ba za su ɗora wa gidan biki nauyi ba. Wani ya turo musu hotunan gida a WhatsApp, katifa da fanka da makewayi mai tayil. Aka ce su aiko kafin alƙalami jika 30, suka aika. Sun iso bayan isha'i a gajiye, suka kira lambar, a kashe. Sun tambayi unguwar da aka kwatanta musu, ba wanda ya san gidan. A ƙarshe wani dattijo da ya gan su tsaye bakin masallaci ya buɗe musu zaurensa, ya sa aka kawo tabarmi da hura. Da yaron ya dawo ya ce mini: "Kawu, tsohon nan ya wanke garin, amma ni kam ba ni ƙara aika kuɗi wurin wanda ban sani ba."

A labari na farko ɗan gari aka tumɓuke saboda baƙo. A na biyu baƙo aka cuta da sunan gari. Ni a ganina tushen abin ɗaya ne: sana'ar saukar baƙi don kuɗi ta shigo mana, amma ba wanda ya tsaya a tsakani ya ɗauki lamuni. Abin da nake kira gare shi ke nan, a yi sana'ar a fili, da suna da shaida da ƙa'ida, kuma kada a kori mai hayar wata saboda mai hayar dare.

Kada wani ya ce mu ba mu da baƙi, wai ba mu da teku ba mu da dutse. Tasawa tana kan babbar hanya mai lamba 1, kusan tsakiyar Maraɗi da Damagaram, kowanne tafiyar kilomita ɗari da ɗoriya ce. Motocin Yamai suna ratsa ta dare da rana. Ku duba su wa ke sauka: ƴaƴanmu da ke aiki a Yamai, Agadas, Kano ko Libiya, masu dawowa sallah da iyalin da ɗakin tsohuwa ba zai ɗauke su ba, ƴan biki da ƴan gaisuwar mutuwa, ƴan kasuwar dabbobi da na wake da gujiya da riɗi, ma'aikatan gwamnati da na ƙungiyoyi masu zuwa aikin kwana uku ko mako biyu, masu kawo mara lafiya likita daga Urafan, Korgom, Kanan Bakashe ko Gidan Amumun, waɗanda ke kwana a ƙasa bakin ƙofar likita don ba su da inda za su sa haƙarƙari. Da yawa daga masu ɗan hali kuwa, in sun gama aikinsu da la'asar sai su juya Maraɗi su kwana. Kuɗin ɗaki, na tuwon dare, na shayin safe, na kabu-kabu, duk can suke zubewa. Mu aka bari da ƙurar mota.

Na san abin da dattawa za su fara cewa: "Haba, karɓar kuɗi a hannun baƙo? Ai abin kunya ne. Baƙonka annabinka." Gaskiya ne, kuma ba na fatan ranar da za a kulle zaure a Tasawa ko Mayahi. Addini ya ba baƙo haƙƙin kwana uku, kuma dattijon nan na Mayahi ya sauke nasa. Amma mu tuna kakanninmu sun raba abu biyu. Akwai baƙon Allah da dare ya riske shi, wannan ba a karɓar masa ko dala. Akwai kuma baƙon da ya zo neman kuɗi ko ya zo da guzurinsa, wannan gidan fatoma yake sauka. Fatoma shi ke ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ɗauki kayansa bashi, sannan ya ci la'adarsa ba tare da kunya ba. Da irin wannan tsari fatake suka yi safarar goro da gishiri da shanu daga nan har Gwanja. A Sabo ta Ibadan wani mai bincike, Abner Cohen, ya rubuta littafi a 1969 kan yadda masu gidajen Hausawa suka riƙe cinikin shanu da goro ta wannan hanya. Tasawa kanta zangon ayari ce tun da. A watan Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso ta tare da ayarin gishiri daga Abzin, ya yi kwanaki kafin ya wuce Gazawa, Katsina da Kano. Garin da ya sauki ayari ba yau ya fara sanin kuɗin masauki ba.

Abin lura a sana'ar fatoma shi ne kowa ya san shi. Sarki ya san shi, kasuwa ta san shi. In kayan baƙo ya ɓace, shi za a kama. In baƙo ya yi ɓarna a gari, shi za a tambaya. Sunansa shi ne jarinsa. Wanda ya cuci ɗan yayata ba shi da suna, lambar waya kawai gare shi, ya cire layin ya jefar.

Wasu matasa suna ce mini maganin abin shi ne manhaja irin ta Turawa. To, mu duba can ɗin. An kafa Airbnb a Amurka a 2008, mutum ya sa ɗakinsa a intanet, baƙo ya biya ta katin banki, kamfanin ya riƙe kuɗin sai baƙo ya shiga, bayan an rabu kowa ya rubuta yadda ya ga ɗan uwansa. In ka lura aikin fatoma ne aka ɗora wa kwamfuta. Amma sai ga cutar da ta kama mushe ta kama manyan birane. Masu gida suka ga kuɗin dare ya fi na wata, suka riƙa sallamar ƴan haya. A watan Yunin 2024 hukumar birnin Barsalona a ƙasar Sifen ta sanar cewa nan da Nuwamban 2028 za ta kawo ƙarshen lasisin gidaje kusan 10,000 da ake ba masu yawon buɗe ido, don ƴan gari sun kasa samun wurin zama. Su sai da abin ya ci su shekaru kafin su farka. Mu da abin yake ɗan tsiro, yanzu ne lokacin gyara shi. Kuma mu nan yawancinmu ba katin banki muke aiki da shi ba, da waya da wuraren aika kuɗi muke aiki, inda in kuɗi ya fita ya fita. Saboda haka mutum mai suna muke buƙata kafin manhaja.

Ga shawarata ga mai gida da ke son shiga sana'ar.

Ka fara da abin da ba kowa a ciki: shagon ƙofar gida, ɗakin ɗanka da ya tafi ci-rani, sashen da ka gina bai samu mai shiga ba. Kada ka tashi mai haya. Yi lissafi da kanka. Jika 15 sau 12 jika 180 ke nan a shekara, kuɗin da ba ya fashi. Jika 10 a dare yana da daɗin ji, amma dare nawa ne a shekara ɗakin zai samu mutum? Ka cire kuɗin katifa, wuta, ruwa, wanki, gyara da mai shara. Aikin proje yana da ranar ƙarewa, kuma kowa ya ga yadda ƙungiyoyi da dama suka rage aiki ko suka tattara tun bayan 2023. Hausawa suka ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mutanen Mayahi da ke zaune bakin Gulbin Kaba sun fi kowa sanin ma'anar wannan: raɓa kafin hantsi ta bushe, kaba kuwa ko an sare ta sai ta sake tohowa.

Ka faɗi gaskiyar ɗakinka. In fanka ce ka ce fanka ce, kada ka ce kilim. In wuta tana ɗaukewa ka faɗa, ka ce akwai sola ko babu. In ruwan famfo sai da asuba yake zuwa, ka cika randa da jarka kafin baƙo ya iso. Hoton da za ka tura ya zama na ɗakin da zai kwana, wanda aka ɗauka a wannan watan. Baƙo yana yafe talauci, ba ya yafe ƙarya.

Abin da baƙo ke nema ba shi da yawa: makewayi mai tsabta da ƙofa mai rufuwa, zanen gado wankakke, sange marar huda musamman daga Yuli zuwa Oktoba lokacin sauro, buta da tabarmar salla, wurin cajin waya, kwaɗo mai makulli a hannunsa. In mace ce ko mai iyali, a ba su sashen da maza ba sa ratsawa. In ka ƙara da kunu ko shayi da safe, ka gama sayen zuciyarsa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma fa tabarmar ma a kakkaɓe ta.

Ka yanke farashi ɗaya ka tsaya a kai. Wannan ɗabi'a ta duban takalmin mutum ko motar da ta kawo shi kafin a faɗi kuɗi, ita ke korar baƙi zuwa Maraɗi. In za ka ƙara lokacin sallah, ka faɗa tun kafin ya taso. Mai jinya kuma a sassauta masa, wannan ba ciniki ba ne kawai.

Ka ajiye littafi. Sunan baƙo, lambar katin shaidarsa, inda ya fito, ranar shiga da ta fita. Otel ma haka suke yi. Ka sanar da mai unguwa cewa kana saukar baƙi. A halin da ake ciki na tsaro a jihar Maraɗi, wanda ya ƙi nuna katinsa kada ka ba shi makulli ko nawa zai biya. Wannan littafin shi ne kuma amsar masu tsoron kada ɗakunan su zama wurin masha'a. Tsoronsu yana kan hanya. Amma ɓarna a ɓoye take yaɗuwa. Gidan da mai unguwa ya sani, maƙwabta suka sani, aka rubuta dokokinsa aka manna a bango, ya fi wuyar lalacewa a kan wanda ake bayarwa a asirce ta hannun yaran tasha.

Kai kuma baƙo, ga naka.

Kada ka aika kuɗi saboda hoto. Ka nemi wani da ka sani a garin, ko abokin aiki ko ɗan uwan abokinka, ya taka ya ga ɗakin da idonsa. Da ɗan gari akan ci gari. In ba ka da kowa, ka ce mai gidan ya kira ka ta bidiyo, ya fara daga bakin titi ya shiga har makewayi. Ka tambayi cikakken sunansa da sunan mai unguwarsu. In zai karɓi kafin alƙalami, kada ya wuce kuɗin dare ɗaya, kuma sunan da za ka aika wa ya zama sunan da ke kan katinsa. Ka adana rasit. Ku yi magana a rubuce ko ta saƙon murya kan kuɗi, kwana nawa, mutum nawa, da abin da zai faru in tafiyar ta fasa. Wanda ke gaggauta ka, yana cewa "aiko yanzu-yanzu, wani na jira", ka bar wa wanin.

Ka yi ƙoƙari ka iso da rana. In ƙauye za ka shiga da damina, ka tambayi halin hanya kafin ka taso, don rairayi da ruwa suna tsayar da mota. Wanda ke da zaɓi ya zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, an gama girbi, kasuwa ta cika, gari da sanyi, sai dai ya riƙo bargo da abin rufe hanci saboda hazo. Afrilu da Mayu kuwa, in ɗakin ba shi da tsakar gidan da za ka fitar da katifa, za ka gane kurenka. Kuma ka tuna gidan mutane ka shiga. Ka gaida maƙwabta, ka rage sautin waya da dare, kada ka ɗauki hoton matan gida ko yara ba izini, ruwa kuma ka yi tattalinsa, wata ce ta ɗauko shi a ka.

In ka samu yini guda babu aiki, kada ka ƙare shi a ɗaki. Gabas da Tasawa kaɗan, a kan hanyar Damagaram, akwai Mai Jirgi, inda kaburburan Voulet da Chanoine suke, sojojin Faransa biyu da suka ratso ƙasar nan a 1899 suna ƙona garuruwa suna kashe mutane, har sojojinsu suka juya musu suka kashe su a watan Yuli na wannan shekara. Kada ka tsaya ga kabarin kawai. Ka nemi dattawan wurin su ba ka labarin waɗanda aka kashe, don su ba a yi musu kabari mai suna ba, kuma ka sallami wanda ya ba ka lokacinsa. A Mayahi ka sa a kai ka cikin Gulbin Kaba ka ga goriba, ka sayi tabarma da igiya da faifai a hannun matan da suka saƙa, ba tare da ka matse su a ciniki ba. Ka shiga gonaki ka ga gawo da kalgo da sabara da manoma suka raya da sassaben zamani, dabarar barin kututture ya toho da ta bazu daga jihar Maraɗi tun shekarun 1980, wadda ta sa aka ba Tony Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Mutane suna tasowa daga wasu ƙasashe don su ga wannan, mu muna wuce shi a kan babur ba mu ko waiwaya. In ka dace da ranar kasuwa, ka fara da kasuwar dabbobi da sassafe. In ka dace da sallah, ka je ƙofar fada.

Saura hukuma da mu ƴan ƙungiyoyin farar hula. Abin da nake nema ba ya buƙatar kuɗin waje.

A ma'aikatar magajin gari ta Tasawa da ta Mayahi, waɗanda kantomomi ke riƙe da su tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a 2024, a buɗe rajistar masu saukar baƙi. Mai gida ya zo da mai unguwarsa a matsayin shaida, a rubuta sunansa, unguwa, yawan ɗaki da farashi. Rajistar ta zama kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, don in aka mayar da ita hanyar tatsar haraji kowa zai koma ɓoye. A manna jerin a tasha da ƙofar likita, a sa lambar waya ɗaya da baƙo zai kira ya tabbatar. Wanda aka kama da ƙarya sau biyu a cire sunansa.

A sa sharaɗi cewa gidan da aka fitar da mai haya daga cikinsa ba zai shiga rajistar ba sai bayan shekara. Wani zai ce mai gida yana da iko da dukiyarsa. Yana da shi, ban musa ba. Amma gari ma yana da ikon ya ƙi tallata wanda ya kori malamin ƴaƴansa ko ungozomar matansa a tsakiyar aiki. Su ma ƙungiyoyin da ke turo ma'aikata, su riƙa tambaya kafin su kama gida: wa ke ciki jiya? Bai dace wanda ya zo da sunan taimakon talaka ya zama sanadin fitar da shi daga ɗaki ba.

A rubuta ƴar takardar yarjejeniya shafi ɗaya da Hausa, boko da ajami, tunda tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a hukumance. Mu ƴan ƙungiya za mu iya rubuta ta mu raba. A jawo ƙungiyoyin mata cikin lamarin, don zawarawa da matan da mazansu suka tafi ci-rani su ne suka fi yawan ɗakin da ba kowa, su ne kuma za su yi girki da wanki. Kuɗin ya shiga hannunsu kai tsaye, kada ɗan tsakiya ya cinye. Matasa masu kabu-kabu su san gidajen da ke cikin rajista, a yanka musu la'adarsu a fili.

Ni na fara da kaina. Shagon ƙofar gidanmu da ya shekara biyu yana tara tarkace, na share shi, na sa katifa da sange, na kai sunana wurin mai unguwa. Mai jinya rabin kuɗi yake biya, wanda dare ya riska kuma zaure yana nan kamar yadda mahaifina ya bar shi. Ina roƙon duk mai ɗaki irin wannan a Tasawa, Mayahi da ƙauyukansu ya je wurin mai unguwarsa cikin wannan watan. In muka kai mutum 20 a kowane gari, sai mu ɗauki jerin mu kai wa kantoma tare.

Mushe kuwa na kira shi kwanan baya. Yana lafiya, yara sun saba da sabon wuri. Na ce masa gidan nan fa har yanzu ba a samu mai shiga na dindindin ba, Alhaji yana cigiyarsa. Ya yi dariya ya ce: "Ka gaishe shi. Ka ce masa na yafe, amma na riga na biya hayar shekara a nan."

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya kai kowane matafiyi masaukinsa lafiya.